Mariama, Maryam, Mairo, Maja: asalin suna guda da yadda harsuna suka sarrafa shi

Da wuya a kira sunayen ƴan aji ɗaya a wata makarantar birnin Yamai ba a ji Mariama ba. A Maraɗi da Damagaram za a ji Mariama ko Mairama, a Kano da Katsina a ji Maryam, a ƙauye kuma a ji Mairo. Idan aka ƙetare teku, a Faransa Marie ce, a Ingila Mary, a Turkiyya Meryem, a can ƙasar Suwidin da ke arewacin Turai kuwa Maria ko Maja. Duk waɗannan suna ɗaya ne, wanda ya shafe fiye da shekaru 2,500 yana ratsa ƙasashe, kowane harshe ya lanƙwasa shi daidai bakin masu shi.

A baki, wannan bambanci bai taɓa cutar da kowa ba. A takarda kuwa lamarin ya sha bamban. Harafi ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu tsakanin takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa na iya jinkirta wa yarinya karɓar sakamakon karatunta, ko ya tsayar da maniyyaciya a lokacin neman biza. Sanin asalin sunan da dalilin da ya sa ake rubuta shi iri-iri na taimaka wa iyaye su kauce wa wannan wahala tun ranar suna.

Unguwa ɗaya, furuci da yawa

Unguwar Gaweye na daga cikin tsofaffin unguwannin da suka kafa Yamai, tare da irin su Maourey da Kalley. Asalinta a gaɓar hagu ta kogin Kwara take, wurin da a yau aka gina otal ɗin Gaweye da babban zauren taro na Palais des Congrès. Da aka tashi mazauna wurin saboda waɗannan gine-gine, sai suka koma ƙetaren kogi, yankin da ake kira Harobanda, suka tafi da sunan unguwarsu. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita ta haɗa ɓangarorin biyu.

A wannan yanki, da yake gunduma ta biyar ta birnin, Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Gurmawa da Buzaye na zaune kafaɗa da kafaɗa, ga kuma ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ke zuwa daga kowace jaha. Yarinya ɗaya na iya zama Mariyama a bakin maƙwabciya Bazabarma, Mayrama a wurin kakarta Bafulatana, Mairo a wurin masu sayar da kayan miya, Maryam a wurin malamin Islamiyya, sannan Mariama a rajistar lakwal. Duk wanda ya kira za ta amsa, domin kowa ya san wadda ake nufi.

Inda sunan ya samo asali

Mafi daɗewar wurin da aka samu sunan a rubuce shi ne littattafan Bani Isra'ila. A cikin Attaura da ke hannun Yahudawa, sunan yayar Annabi Musa da Annabi Haruna (AS) shi ne Miriyam. Alƙur'ani ya ba da labarin wannan ƴar'uwa da ta bi sawun akwatin da aka saka jaririn a ciki, amma bai ambaci sunanta ba.

Daga Ibrananci sunan ya shiga harshen Aramaik, wanda shi ne harshen yau da kullum a ƙasar Falasɗinu a zamanin Annabi Isa (AS). A wannan harshe ana furta shi Maryam, kamar yadda Larabawa suke furtawa har yau. Binciken da aka yi kan rubuce-rubucen kaburbura da takardun wancan zamani ya nuna cewa shi ne sunan da ya fi kowane yawa a tsakanin matan Yahudawan Falasɗinu. Shi ya sa a cikin Linjila kaɗai ake samun mata da dama masu wannan suna, har sai an haɗa da sunan garinsu ko na ɗansu kafin a bambanta su.

Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka soma fassara littattafan Yahudawa zuwa Girkanci a birnin Iskandariyya na Masar, kuma masu fassarar sun rubuta sunan Mariam. Sai dai kalmomin Girkanci na asali ba sa ƙarewa da harafin m. Sannu a hankali aka yar da harafin, sunan ya koma Maria. Rumawa suka ɗauke shi a haka cikin Latin, daga nan ya bazu a duk inda addinin Kirista ya kai.

Ke nan sunan ya rabu gida biyu. Reshe ɗaya ya riƙe m ɗinsa, ya bi ta Larabci zuwa ƙasashen Musulmi. Ɗayan ya bar ta a hanya, ya bi ta Girkanci da Latin zuwa Turai.

Mene ne ma'anarsa?

Masana harshe sun rabu kan wannan. Wasu na danganta shi da wata kalmar tsohon harshen Masar mai ma'anar "abar ƙauna", suna kafa hujja da cewa Bani Isra'ila sun daɗe a Masar, kuma wasu sunayensu na wancan lokaci daga can suka samo su. Wasu kuma na kallon sa da idon Ibrananci, inda "mar" ke nufin ɗaci, "yam" kuma teku. Akwai masu cewa daga kalmar da ke nufin tawaye ya fito.

A ƙarshen ƙarni na 4, wani malamin Kirista mai suna Jerome ya fassara sunan zuwa Latin da ma'anar "ɗigon teku". A Latin, kalmar ɗigo da kalmar tauraro harafi ɗaya ne ya raba su. Masu kwafar littattafai da hannu suka sauya harafin, sai ma'anar ta koma "tauraruwar teku". Har yau Katolika na yi wa Nana Maryam wannan kirari, kuma akwai makarantu da majami'u da yawa masu suna Stella Maris. Kuskuren harafi ɗaya na wani marubuci ya rayu fiye da shekaru 1,000.

A ɓangaren Musulunci, malaman tafsiri irin su Zamakhshari da Baidawi sun bayyana cewa a harshen mutanenta sunan na nufin mai bauta. Wannan ita ce ma'anar da aka fi ji a bakin malamai a wuraren tafsirin azumi a ƙasar Hausa.

Matsayinsa a Musulunci

Abin da ya sa iyaye Musulmi ke son sunan a bayyane yake. Nana Maryam ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, kuma ya ambace shi sau 34. Sura ta 19, mai ayoyi 98, da sunanta ake kiran ta. Suratu Ali Imrana ta ba da labarin yadda mahaifiyarta ta yi bakancen abin da ke cikinta ga bautar Allah, ta haifi mace, ta raɗa mata suna da kanta.

Littattafan tarihi sun nuna cewa lokacin da Musulmin farko suka yi hijira zuwa Habasha, wajen shekara ta 615, farkon wannan sura Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya karanta a gaban sarki Najjashi, wanda Kirista ne, kuma sarkin ya ƙi miƙa su ga wakilan Ƙuraishawa. Hadisi ya lissafa ta cikin mata huɗu mafifita, tare da Asiya matar Fir'auna da Nana Khadija da Nana Faɗima. A wani hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa al'adar Bani Isra'ila ce su sa wa ƴaƴansu sunayen annabawa da salihan da suka gabace su. Wannan al'ada ce ta ɗauko sunan tun daga farko, ita ce kuma ke ɗauke da shi har yau.

Reshen Girkanci ma ya shigo gidan Musulmi ta wata ƙofa. Mariya Baƙibɗiya, wadda mai mulkin Masar Muƙauƙis ya aiko Madina wajen shekara ta 628, ita ce mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). Ta fito daga cikin Kiristocin Masar, inda ake amfani da siffar Maria. Saboda ita ne Hausawa ke da sunaye biyu, Maryam da Mariya, waɗanda suke ɗauka daban-daban, har a iya samun ya da ƙanwa kowace da nata.

Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya haɗa sunayen biyu. Mariya ce ta haifa masa ƴarsa Maryam, ƙanwar Nana Asma'u. Wannan Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, daga baya ta koma Sakkwato, kuma bayan rasuwar Asma'u a 1864 ita ta ci gaba da jagorantar tsarin karantar da mata da ake kira Ƴan Taru.

Yadda bakin Bahaushe ya sarrafa shi

Inda Girkawa suka cire harafi, Hausawa ƙarawa suka yi. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, don haka sunan Larabci da ya ƙare da baƙi sai an yi masa ƙari: Adam ya koma Adamu, Zainab ta koma Zainabu, Yusuf ya koma Yusufu ko Isuhu. Haka Maryam ta koma Maryamu, kuma da wannan siffa aka rubuta sunan a Littafi Mai Tsarki na Hausa.

To ina aka samo Maryama ko Mariama mai ƙarewa da a? Amsar na cikin nahawun Larabci. Sunayen da ba Larabci ne asalinsu ba suna da wata ƙa'ida ta musamman: a wurin da sauran sunaye ke ɗaukar kasra, su fataha suke ɗauka. Tun da sau da yawa sunan na zuwa ne a cikin laƙabin Annabi Isa ɗan Maryam, abin da almajiri ya fi maimaitawa a allo shi ne Maryama. Irin wannan ƙarshe ake ji a sunayen maza da suka yawaita a Nijar da Mali da Senegal: Ibrahima, Idrissa, Issaka, Younoussa, waɗanda duk ke bin ƙa'ida guda a Larabci.

Daga Maryamu kuma aka samu Mairamu, ta hanyar musayar gurbin sauti, abin da Hausa ta saba da shi, kamar yadda wasu ke cewa bagaruwa wasu gabaruwa, wasu hawainiya wasu wahainiya. Da aka taƙaita sai ya zama Mairo ko Mero, kamar yadda Ibrahim ke zama Iro, Hajara ta zama Hajo.

Ga kuma al'adar alkunya. Idan an sa wa yarinya sunan kakarta, iyayen ba za su iya kiran sunan kai tsaye ba, sai su koma ga Ummi, Inna, Mama ko Hajiya. Wata za ta girma duk unguwa ba wanda ya san sunanta na yanka sai ranar ɗaurin aure. Wannan ma na da nasa tasirin a takardu, domin akan samu wanda aka aika ya yi rajista ya ba da laƙabi a maimakon sunan yanka.

Har zuwa ƙasashen dusar ƙanƙara

Ƙasashen arewacin Turai, wato Danmak da Norwe da Suwidin da Finlan da Aislan, na cikin na ƙarshe da addinin Kirista ya shiga a nahiyar. Sarkin Danmak Harald ya karɓi addinin wajen shekara ta 965, majalisar mutanen Aislan ta amince da shi wajen shekara ta 1000, sauran suka biyo baya.

Kafin nan suna da sunayensu na gargajiya, waɗanda ake haɗawa daga kalmomi biyu. Astrid haɗin "abin bauta" ne da "kyakkyawa". Sigrid haɗin "nasara" ne da "kyakkyawa". Ingrid kuma na ɗauke da sunan wani abin bautarsu na dā mai suna Ing. Da sabon addini ya zo da Maria da Anna da Elisabet, tsofaffin sunayen ba su mutu ba, sai suka zauna tare. Wannan ya yi kama da abin da ya faru a ƙasar Hausa, inda Ladi da Talatu da Jummai da Delu da Kande ke nan daram a gefen sunayen yanka da Musulunci ya kawo.

A yau Maria na cikin sunayen mata mafi yawa a Suwidin da Finlan. Su ma sun yi masa nasu taƙaitawar: Maja da Mia da Majken a Suwidin, Maija da Marja a Finlan. A harsunansu harafin j kamar y ɗin Hausa ake furta shi, don haka Maja "Maya" ake cewa. Sarauniyar Danmak ta yanzu, wadda mijinta ya hau karaga ranar 14 ga Janairun 2024, haifaffiyar Ostireliya ce, kuma ta riƙe rubutun sunanta na Ingilishi, Mary.

Sauran duniya ma kowa da nasa salo. Somaliyawa na cewa Maryan, masu Suwahili Mariamu, mutanen Aljeriya da Maroko Meriem, na Senegal Marième ko Mariama, Rashawa Mariya su taƙaita shi Masha. A Habasha ana haɗa shi cikin sunan namiji, kamar Hailemariam, wato ƙarfin Maryam, kamar yadda Faransawa ke da Jean-Marie. Mutanen Ailan kuwa sun ware Muire ga mahaifiyar Annabi Isa ita kaɗai, sauran mata sai su amsa Máire.

Kama da wane ba wane ba ne

Akwai sunayen da kunne zai ɗauka dangin Maryam ne alhali ba su da alaƙa. Marit, da ya yawaita a Norwe da Suwidin, daga Margareta ya fito, wanda asalinsa kalmar Girkanci ce mai nufin lu'ulu'u. Murja ta Hausawa taƙaitawar Murjanatu ce, daga kalmar Larabci da ta ba mu murjani, don haka ba ta haɗa komai da Marja ta Finlan ba.

A gabashin Nijar ma akwai irin wannan. A harshen Barebari, mai shi ne sarki, ɗansa maina, ƴarsa kuma mairam. Don haka Mairam da za a ji a Diffa ko Borno na iya zama sarautar gimbiya, ba lallai Maryam ba, ko da yake a bakin jama'a sukan cakuɗe.

Matan da suka ɗaukaka sunan

A Nijar, Mariama Keïta, wadda aka haifa a 1946 ta rasu a 2018, ita ake ɗauka mace ta farko ƴar jarida a ƙasar, kuma ta shugabanci hukumar ƙoli ta sadarwa daga 2003 zuwa 2006. Mariama Hima ta yi fice a harkar fim tun shekarun 1980, ta kuma zama jakadiyar Nijar a Faransa. Mariama Gamatié Bayard ce mace ta farko da ta tsaya takarar shugabancin ƙasa, a zaɓen 2011. Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine, na cikin waɗanda suka tsara masallaci da ɗakin karatu na Hikma a Dandaji cikin jahar Tawa.

A Senegal akwai marubuciya Mariama Bâ da ta rasu a 1981, a Afirka ta Kudu mawaƙiya Miriam Makeba, a Iran kuma Maryam Mirzakhani, mace ta farko da ta samu lambar Fields, babbar lambar yabo ta ilimin lissafi, a 2014.

Wasu kuma sun ƙetara daga wani reshen sunan zuwa wani. Maria Skłodowska da aka haifa a Warso a 1867 ta koma Marie da ta je karatu Paris, kuma da sunan Marie Curie ta karɓi kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911. Uwargidan tsohon shugaban Najeriya Janar Ibrahim Babangida, wadda aka haifa a Asaba a 1948, Maria aka raɗa mata kafin ta zama Maryam.

Ko makarantun Nijar sun nuna rassan. A Yamai akwai makarantar Mariama, wadda cocin Katolika ya kafa kuma iyaye Musulmi da yawa ke kai ƴaƴansu. A Maraɗi akwai jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013. Suna ɗaya ne, amma ɗaya an rubuta shi da alƙalamin Faransanci, ɗayan da na Ingilishi.

Inda matsalar take: takarda

Iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata ta raba Hausawa tsakanin hanyoyin rubutu biyu. A Nijar ana rubuta sautin u da ou, ana ɗora ɗigo biyu a kan i, ana amfani da dj da tch. A Najeriya ana bin tsarin Ingilishi ko na Hausar boko. Shi ya sa Aïchatou ta Ƙonni ita ce Aishatu ta Illela, Zeinabou ta Maraɗi ita ce Zainab ta Jibiya, Mariama kuma Maryam.

Ko a cikin Nijar babu rubutu ɗaya tilo da aka tsayar wa kowane suna. Akan ga Mariama, Mariam, Maryam, Mariyama, Mairama, Maïrama, Mariame da Meriam. An daidaita ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar tun 1999, kuma kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma rajistocin haihuwa da aka gada an cika su ne da Faransanci, kowane ma'aikaci kuma na rubuta abin da kunnensa ya ji.

Al'ada ma na da hannu a ciki. Ana haihuwa yau, amma sai ranar bakwai liman zai raɗa suna, da baki, a gaban jama'a. A lokacin mai jego ta daɗe da barin asibiti. Sai wani ya koma ya kai sunan, kuma ba kullum ba ne mahaifin ke zuwa da kansa. Liman ya ce Maryam, kawun da aka aika ya ce Mairama, ma'aikaci ya rubuta Mariama. Bayan shekaru shida ko bakwai, wanda ya kai ta lakwal ya faɗi abin da ya saba faɗa, a rubuta wani abu dabam.

Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da wa'adin kwanaki 60 don bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta hannun alƙali ya samu hukuncin da ke maye gurbin takardar, a kotu ko a zaman da alƙalai ke fita yi a garuruwa da ƙauyuka. A nan ma sunan da shaidu suka furta shi ake rubutawa.

Bambancin yakan ɓoye shekaru da yawa, sai ya fito a lokacin da aka fi buƙatar takardun: wajen rajistar jarrabawar BEPC ko BAC, neman tallafin karatu, ɗaukar aikin gwamnati, buɗe asusun banki, karɓar kuɗin da aka aiko, rabon gado ko fanshon miji. Ga mai tafiya Hajji ko Umara, sunan da ke kan tikiti da biza dole ya dace da na fasfo. A ƙasan shafin fasfo akwai layuka biyu da na'ura ke karantawa, kowane mai gurbi 44, kuma babu ɗigo ko wata alama a kan haruffansu. Ma'aikacin da ya san unguwa na iya gane cewa Mariam da Mariama mutum ɗaya ce. Kwamfuta ba ta san haka ba, harafi da harafi take gwadawa.

Abin ya fi tsanani saboda yawancin ƴan Nijar ba su da sunan dangi tsayayye, sunan uba ake liƙawa. Idan sunan yarinya na da rubutu biyar, na mahaifinta na da huɗu, hanyoyin kuskure sun ninka. Iyalan da ke kan iyaka, masu karatu ko aure a ɓangarorin biyu, su suka fi shan wannan wahala, domin a Najeriya gyaran suna kan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida.

Ƙasashen arewacin Turai sun bi wata hanya. Suwidin ta wajabta wa limaman coci rubuta haihuwa da mutuwa tun 1686, kuma tun 1947 kowane ɗan ƙasa ke da lambarsa ta kansa. Aislan ta kafa kwamitin sunaye a 1991, wanda ke duba ko sabon suna ya dace da rubutu da nahawun harshensu kafin a amince da shi. A Nijar iyaye na da ƴancin rubuta sunan yadda suke so, amma nauyin kula da shi a wuyansu yake.

Abin da iyaye za su iya yi

Na farko, a tsayar da rubutu ɗaya tun kafin ranar suna. Ba wanda ya fi wani inganci: Maryam ya fi kusa da Larabci, Mariama ya fi sabo a ofisoshin Nijar. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Na biyu, a rubuta sunan a ƴar takarda da manyan haruffa, tare da na uba da na uwa kamar yadda suke a katinsu, a miƙa wa ma'aikacin rajista. Wanda bai iya boko ba ya nemi wanda ya yarda da shi ya rubuta masa.

Na uku, kada a bar ofishin magajin gari sai an karanta takardar harafi bayan harafi. Gyara a ranar abu ne mai sauƙi. Bayan an rufe rajista kuwa, sai an bi ta kotu.

Na huɗu, ranar shiga lakwal a tafi da kwafin takardar haihuwa, kada a dogara da baki. Kafin shekarar jarrabawa a sake gwada sunan da ke rajistar makaranta da na takardar.

Na biyar, wadda ta riga ta ga bambanci a takardunta kada ta jira sai tafiya ta taso. Takardar haihuwa ita ce uwa, sauran daga gare ta ake kwafa, don haka ita ake fara dubawa kafin a san wadda za a gyara.

Hausawa na cewa suna linzami ne. A gida da kasuwa, a ci gaba da kiran Mairo da Mero da Ummi kamar yadda aka gada, domin haka sunan ya rayu a bakin Girkawa da Larabawa da mutanen Suwidin. Amma a takarda, yarinya na buƙatar rubutu ɗaya tak, daga ranar da aka yi mata rajista har ƙarshen rayuwarta.